John Adams

John Adams (30 ga Oktoba, 1735 – 4 ga Yuli, 1826) lauya ne, ɗan siyasa kuma jakada ɗan ƙasar Amurka, wanda ya zama shugaban ƙasa na biyu daga shekarar 1797 zuwa 1801. Kafin nan shi ne mataimakin shugaban ƙasa na farko, a ƙarƙashin George Washington, daga 1789 zuwa 1797. Yana cikin jagororin fafutukar ƙwato 'yancin Amurka daga hannun Birtaniya, kuma shi ne mahaifin John Quincy Adams, shugaban ƙasa na shida. Shi ne shugaban Amurka na farko da ya nemi wa'adi na biyu ya sha kaye, kuma a hannunsa mulkin ƙasar ya fara komawa ga jam'iyyar adawa ba tare da an zubar da jini ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Braintree da ke Massachusetts, a ɓangaren da yanzu ake kira Quincy. A lokacin Massachusetts ɗaya ce daga cikin yankuna goma sha uku da Birtaniya ke mulka a gabar gabashin Amurka. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa John Adams, manomi ne mai ɗinkin takalma kuma ɗaya daga cikin dattawan majami'ar garin. Sunan mahaifiyarsa Susanna Boylston. John ne babba cikin 'ya'yansu maza uku.

Ya shiga Kwalejin Harvard a 1751, ya kammala a 1755. Burin mahaifinsa shi ne ya zama limamin coci, amma shi hankalinsa ya karkata ga shari'a. Ya yi koyarwa a wata makaranta a garin Worcester, inda ya riƙa koyon aikin lauya a hannun James Putnam, sannan ya koma gida ya buɗe ofishinsa. A ranar 25 ga Oktoba, 1764 ya auri Abigail Smith, 'yar wani limamin coci. Aiki ya sha raba su na watanni, wani lokaci na shekaru, shi ya sa suka bar wasiƙu fiye da 1,100 a tsakaninsu. Daga waɗannan wasiƙu ne aka san yawancin halinsa: mutum ne mai gaskiya da yawan karatu, mai saurin fushi, mai jin cewa ba a ba shi girman da ya cancanta.

Shari'ar sojojin Birtaniya

Adams ya fara suna ne a 1765, lokacin da ya yi rubutu yana adawa da harajin da majalisar Birtaniya ta ɗora wa jaridu da takardun kotu a yankunan Amurka. Hujjarsa ita ce ba a ɗora wa mutane haraji a majalisar da ba su da wakili a cikinta.

A ranar 5 ga Maris, 1770 sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a kan wani taron jama'a da ke jifan su a Boston, mutum biyar suka mutu. Gari ya ɗauki zafi, lauyoyi suka riƙa gudun shari'ar. Adams, duk da cewa yana gaba-gaba wajen sukar Birtaniya, ya karɓi aikin kare kyaftin ɗin sojojin, Thomas Preston, da yaransa takwas. Kotu ta wanke Preston da sojoji shida. Biyu aka same su da laifin kisa ba da gangan ba, aka ɗana musu jan ƙarfe a babban yatsa aka sallame su. Wanda ya san wannan shari'a ba zai yi mamakin abin da Adams ya yi bayan shekara talatin ba: ya saba bin doka ko da hukuncinta bai yi wa ɓangarensa daɗi ba.

Neman 'yanci da aikin jakadanci

A 1774 Massachusetts ta tura shi babban taron wakilan yankuna a Philadelphia. Shi ne ya ba da shawarar a naɗa George Washington na Virginia kwamandan sojojin yankunan a watan Yunin 1775, domin kada yaƙin ya zama na mutanen arewa kaɗai. A 1776 yana cikin kwamitin mutum biyar da aka ɗora wa rubuta takardar shelar 'yanci, tare da Thomas Jefferson, Benjamin Franklin, Roger Sherman da Robert Livingston. Jefferson ne ya rubuta daftarin, Adams kuma ya tsaya a zauren taro yana kare batun har aka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa ranar 2 ga Yuli.

A 1778 aka tura shi Faransa, ya tafi da ɗansa John Quincy mai shekara goma. Da ya dawo gida na ɗan lokaci a 1779, shi ne ya rubuta mafi yawan kundin tsarin mulkin Massachusetts, wanda ya fara aiki a 1780 kuma har yau ana amfani da shi. Zamansa a fadar Faransa bai yi armashi ba, domin ba shi da haƙurin fadanci irin na Franklin. A ƙasar Holan ne ya ci riba: a 1782 ya sa ƙasar ta amince da Amurka a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ya kuma samo rancen gilda miliyan biyar daga 'yan bankin Amsterdam. Ranar 3 ga Satumba, 1783 shi da Franklin da John Jay suka sa hannu a yarjejeniyar Paris wadda ta kawo ƙarshen yaƙin. A 1785 ya zama jakadan Amurka na farko a Landan, ya gurfana gaban Sarki George na Uku, wanda shekaru kaɗan kafin nan yake ɗaukarsa ɗan tawaye. Yana Landan ne shi da Jefferson suka sa hannu a yarjejeniyar abota da Maroko. Ya koma gida a 1788.

Mataimakin shugaban ƙasa

A tsarin farko na Amurka, kowane wakilin masu zaɓe yana kaɗa ƙuri'a biyu. Wanda ya zo na ɗaya ya zama shugaba, na biyu ya zama mataimaki. A 1789 Washington ya samu ƙuri'u 69, Adams ya samu 34. Aikin bai yi masa daɗi ba. Ya ɓata makonni yana jayayya a Majalisar Dattawa cewa a laƙaba wa shugaban ƙasa wani take mai kama da na sarakuna, abin da ya jawo masa ba'a da zargin son sarauta, zargin da ya bi shi har ƙarshen siyasarsa. A shekaru takwas ya raba gardama da ƙuri'arsa sau 29 a majalisar.

A wannan lokaci jam'iyyu biyu suka kunno kai. Jam'iyyar Federalist, wadda Alexander Hamilton ke juya akalarta, tana son gwamnatin tarayya mai ƙarfi da ƙawance da Birtaniya. Jam'iyyar Democratic-Republican ta Jefferson da James Madison tana son ƙarfin jihohi, tana kuma tausaya wa juyin juya halin Faransa. Adams ɗan Federalist ne, amma shi da Hamilton ba sa ga maciji.

Shugabanci

Washington ya ƙi neman wa'adi na uku. A zaɓen 1796 Adams ya samu ƙuri'u 71, Jefferson 68, saboda haka abokin hamayyarsa ya zama mataimakinsa. An rantsar da shi ranar 4 ga Maris, 1797 a Philadelphia, Washington na zaune yana kallo. An ruwaito cewa da aka tashi fita Washington ya tsaya ya ce sai Jefferson ya wuce gabansa, tun da shi yanzu ba ya riƙe da kowane muƙami. Wannan shi ne karo na farko da wani shugaban Amurka ya miƙa wa wani mulki, sai dai hannun dama ne ya miƙa wa hagu, domin tafiyarsu ɗaya.

Adams ya ci gaba da ministocin Washington, kuma wannan kuskure ne da ya yi masa tsada, domin uku daga cikinsu, Timothy Pickering, James McHenry da Oliver Wolcott, maganar Hamilton suka fi ji. A watan Yunin 1797 ya sa hannu a yarjejeniya da Tarabulus ta Arewacin Afirka, wadda rubutunta na Turanci ya ƙunshi sashen da ke cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba, kuma ba ta gaba da Musulmi.

Babbar matsalarsa ita ce Faransa, wadda ke kama jiragen ruwan 'yan kasuwar Amurka. Ya tura wakilai uku Paris: Charles Cotesworth Pinckney, John Marshall da Elbridge Gerry. 'Yan kanzagin ministan harkokin wajen Faransa, Talleyrand, suka nemi a ba su cin hanci kafin a fara tattaunawa. Da aka wallafa rahoton a watan Afrilun 1798, aka sakaya sunayen mutanen da haruffan X, Y da Z, Amurkawa suka harzuƙa. Aka kafa ma'aikatar sojojin ruwa, jiragen ƙasashen biyu suka shiga artabu a teku ba tare da an shelanta yaƙi ba.

Waƙoƙin kishin ƙasa a zamaninsa

A zamanin Adams Amurka ba ta da taken ƙasa a hukumance. Abin da ake da shi shi ne waƙoƙin da ake rerawa a gidajen wasan kwaikwayo, kuma waƙar da mutum ya nemi a kaɗa ita ke nuna jam'iyyarsa: magoya bayan Jefferson sukan nemi waƙoƙin juyin juya halin Faransa, 'yan Federalist kuma su nemi kiɗan maci na shugaban ƙasa. A kan wannan kiɗa, wanda ake dangantawa da Philip Phile, wani lauyan Philadelphia mai suna Joseph Hopkinson ya ɗora baitocin Hail, Columbia. An fara rera ta ranar 25 ga Afrilu, 1798, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna amshi, suka sa aka yi ta maimaitawa. Jaridar Aurora ta 'yan adawa, wadda jikan Franklin, Benjamin Franklin Bache, ke bugawa, ta kira waƙar bambaɗanci ga masu son sarauta. Ke nan gardama a kan wa ya miƙe wa bai miƙe ba lokacin waƙar ƙasa ta girmi taken Amurka na yanzu. Hail, Columbia ta yi aikin taken ƙasa a bukukuwa da yawa cikin ƙarni na 19, a yau kuma ita ake kaɗa wa mataimakin shugaban ƙasa idan zai shigo taro.

A shekarar ta 1798 Robert Treat Paine ƙarami ya rubuta wata waƙar yabo mai suna Adams and Liberty, a kan karin waƙar wata ƙungiyar masu nishaɗi ta Landan. A kan wannan kari ne aka ɗora baitocin da Francis Scott Key ya rubuta a 1814, bayan ya ga jiragen Birtaniya sun kwana suna luguden wuta a sansanin Fort McHenry na Baltimore, sansanin da ke ɗauke da sunan ministan yaƙin Adams. Waƙar Key, The Star-Spangled Banner, sai ranar 3 ga Maris, 1931 ta zama taken ƙasa a doka, da sa hannun Shugaba Herbert Hoover. Ladubban sauraron ta kuwa, wato miƙewa tsaye, fuskantar tuta, cire hula ga maza da ɗora hannun dama a ƙirji, da sarawa ga masu kaki, sun zo ne cikin dokar da aka fara tsarawa a 1942 aka yi ta gyarawa daga baya, kuma ba ta tanadi hukunci ga wanda bai bi ba. Abin da ya rage kai tsaye daga hannun Adams shi ne ƙungiyar 'yan badujalar rundunar Marine, wadda dokar da ya sa wa hannu ranar 11 ga Yuli, 1798 ta samar. Ita ce ke kiɗa a bukukuwan rantsar da shugabannin Amurka.

Dokokin 1798 da sulhu da Faransa

Zafin kishin ƙasa na wannan shekara ya haifar da abin da ya fi ɓata wa Adams suna. Majalisa ta yi dokoki huɗu a kan baƙi da masu sukar gwamnati, shi kuma ya sa hannu. Ɗaya ta ƙara wa'adin zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 14. Wata ta mai da buga ƙarya ko ɓatanci ga shugaban ƙasa da majalisa laifi, amma ba ta ambaci mataimakin shugaban ƙasa ba, wato jagoran 'yan adawa. An yanke wa kimanin mutum goma hukunci, yawancinsu 'yan jarida. Ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont ya sha ɗaurin wata huɗu da tarar dala 1,000, kuma yana kurkuku mutanensa suka sake zaɓensa. Ba Adams ya nemi a yi dokokin ba, amma bai hana ba, kuma wannan uzuri ne mai rauni ga lauyan da ya kare sojojin Boston.

A ɗaya ɓangaren, ya ƙi yaƙin da jam'iyyarsa ke so. A watan Fabrairun 1799, ba tare da ya shawarci ministocinsa ba, ya miƙa wa Majalisar Dattawa sunan William Vans Murray a matsayin jakadan sulhu zuwa Faransa. A watan Mayun 1800 ya raba McHenry da Pickering da kujerunsu, ya kuma yafe wa John Fries, wanda aka yanke wa hukuncin kisa saboda jagorantar boren haraji a Pennsylvania. Jam'iyya ta dare gida biyu. Hamilton ya rubuta doguwar ƙasida yana cewa Adams bai dace da kujerar ba, ana saura makonni a yi zaɓe. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu da gwamnatin Napoleon ranar 30 ga Satumba, 1800, amma labarin bai iso Amurka a kan lokacin da zai taimaki Adams ba.

Zaɓen 1800 da miƙa mulki

An yi yaƙin neman zaɓe cikin zage-zage. Jaridun Federalist suna kiran Jefferson marar addini, na adawa suna cewa Adams so yake ya naɗa kansa sarki. Jihar New York, mai ƙuri'u 12, ta koma hannun 'yan adawa saboda aikin Aaron Burr. Sakamako ya fito Jefferson 73, Burr 73, Adams 65, Pinckney 64. Wasu masana tarihi suna nuni da cewa tsarin da ke ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujeru ya ƙara wa jihohin kudu ƙuri'u, kuma da babu shi da Adams, wanda bai taɓa mallakar bawa ba, ya yi nasara.

Kayen ya zo masa a mummunan lokaci. Ranar 1 ga Nuwamba ya tare a sabon gidan shugaban ƙasa a birnin Washington, wanda daga baya aka sani da White House, ginin ma ba a gama ba. Ranar 30 ga watan ɗansa Charles ya mutu yana da shekara 30, bayan shaye-shaye ya ci ƙarfinsa.

Kunnen doki tsakanin Jefferson da Burr ya jefa ƙasar cikin haɗari. Tsarin mulki ya ce Majalisar Wakilai ce za ta raba, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya, kuma ana buƙatar jihohi tara cikin goma sha shida. Majalisar mai barin gado tana hannun Federalist. Wasunsu suka mara wa Burr baya don su hana Jefferson, wasu suka fara maganar a ja lokaci har wa'adi ya ƙare a naɗa shugaban riƙo daga cikinsu. Gwamnonin Virginia da Pennsylvania, James Monroe da Thomas McKean, sun fara tunanin shirya dakarun jihohinsu. Adams yana da sojoji da ikon shugaban ƙasa a hannu, amma bai yi amfani da su don tsawaita zamansa ba, bai kuma yi jayayya da sakamakon ba. Daga 11 zuwa 17 ga Fabrairu, 1801 aka kaɗa ƙuri'a sau 36, kafin James Bayard na Delaware da wasu 'yan Federalist su janye, Jefferson ya samu jihohi goma. Wannan ruɗani ne ya sa aka yi wa tsarin mulki gyara na goma sha biyu a 1804, aka raba ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki.

Ba za a ce Adams ya sauka da fara'a ba. A makonninsa na ƙarshe ya cika sababbin kujerun alƙalai da 'yan jam'iyyarsa, har ana kiran su alƙalan tsakar dare, kuma Jefferson ya daɗe yana riƙe da wannan a zuci. Takardar naɗin ɗaya daga cikin waɗanda aka bai wa ƙananan muƙamai, William Marbury, ba ta kai hannunsa ba, kuma ƙarar da ya shigar ce ta kai ga hukuncin 1803 wanda ya tabbatar wa Kotun Ƙoli ikon soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki. Naɗin da ya fi tasiri shi ne na John Marshall a matsayin Alƙalin Alƙalai. Ya riƙe kujerar har 1835.

Ranar 4 ga Maris, 1801, da misalin ƙarfe huɗu na asuba, Adams ya hau keken dokin haya ya bar Washington ta hanyar Baltimore. Da tsakar rana Jefferson ya tako da ƙafa daga masaukinsa zuwa ginin majalisa, Marshall ya rantsar da shi. An kawo dalilai daban-daban na tafiyar Adams: ɓacin rai, makokin ɗansa, nisan hanyar gida, da kuma cewa a lokacin babu wata al'ada da ta ce wanda ya sha kaye ya halarci bikin wanda ya kayar da shi. Al'adar ta kafu ne daga baya, har rashin zuwa ya zama abin magana. Cikin waɗanda suka ƙaurace akwai ɗansa John Quincy a 1829, Andrew Johnson a 1869 da Donald Trump a 2021. Nauyin abin da ya faru a 1801 yana fitowa ne idan aka dubi Faransa, inda watanni goma sha shida kafin nan Napoleon ya ƙwace mulki da ƙarfin soja.

Ƙarshen rayuwa

Adams ya koma gonarsa ta Peacefield a Quincy, ya shafe shekara ashirin da biyar yana noma, karatu da rubuce-rubucen kare kansa. Shi da Jefferson sun yi shekaru fiye da goma ba sa magana, har likita Benjamin Rush, abokinsu duka, ya shiga tsakani. Adams ne ya fara aika wasiƙa ranar 1 ga Janairu, 1812. Daga nan suka yi musayar wasiƙu 158 a kan addini, falsafa, tsufa da juyin juya halin da suka yi tare.

Abigail ta rasu ranar 28 ga Oktoba, 1818. A 1825 ya ga ɗansa ya hau kujerar shugaban ƙasa. Ya mutu a Quincy ranar 4 ga Yuli, 1826 yana da shekara 90, a daidai ranar da shelar 'yanci ta cika shekara hamsin. Jefferson ma a ranar ya mutu a gidansa na Monticello da ke Virginia, 'yan sa'o'i kafin shi. Kabarin Adams yana ƙarƙashin majami'ar United First Parish a Quincy, kusa da na Abigail, da na John Quincy da matarsa Louisa.